Ƙugiyar Sunana

Da sikeli na shiga Shomolu,
ina tura kura, ina kiran tsohon ƙarfe.
Wani ya ce akwai dalma a lungun can,
bayan mai amala, daura da kwata.

Baba Oyeniran na kan benci,
tabaransa ɗaure da zare.
Na ce, “Nawa kilo?”
Ya ce, “Kilon me?”
Na nuna aljihunan katako,
kowane gida-gida kamar gurbin dara,
baƙi a nan, wasali a can,
waƙafi shi kaɗai a kusurwa.

Bai faɗi kuɗi ba. Sunana ya tambaya.
Na ce Ɗayyabu.
Yatsunsa suka shiga tsinta
kamar kaza a bakin turmi,
ko dubawa ba ya yi.
Ya jera su a juye, kai ƙasa,
ya shafa tawada, ya taka inji sau ɗaya,
ya miƙo mini.

Na ce, “Baba, wannan wani ne.
Nawa da ƙugiya a ka.”
Ya yi dariya har da tari:
“Namu ɗigo a ƙasa, naku lanƙwasa a sama,
wanda ya zuba dalmar nan a ƙetaren teku
bai tambayi kowa ba.
Dawo jibi.”

Jibi na dawo, don dalmar.
Ashe ya yanke wutsiyar wani harafi,
ya goge ta da magagari,
ya liƙa ta a kafaɗar ɗan'uwanta.
Ya kwance wata takarda daga cikin zane,
mai kauri, ta auduga,
wadda yake ɓoye wa danshin Ikko
kamar yadda fatake ke ɓoye goro a ganye.
Ya buga. Ya ce, “Kar ka karanta. Shafa.”
Na shafa.
Sunana ya nutse a cikinta
kamar sawun zabo a laka bayan ruwa.

Kurar ta kwana a ƙofa.
Ta yi mako. Tayarta ta sace.

Shekara bakwai ke nan.
Ya koya mini cewa farin da ka bari
shi ma rubutu ne,
cewa kalmomi ba fasinjan danfo ba ne
da za a ce matsa, matsa, akwai wuri.
Na watsar da shafi guda a ƙasa ranar wata Talata,
na kwana ina tsintar addu'ar wani mamaci
ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin tebur.
Bai yi faɗa ba. Fitila ya bar mini.

In an ɗauke wuta,
manyan injinan maƙwabta sai su yi gum,
janareta na kakari a layi,
namu kuwa da ƙafa yake ci,
ƙwas, ƙwas, kamar keken tela.
Katin suna daga Agege,
rasiɗin masu albasa,
gayyatar walima guda hamsin, ba ƙari.
Hannuna warin kananzir yake har a sallah.

Yanzu hannun Baba rawa yake.
Ya kan ɗauko harafi ya manta inda za shi.
'Ya'yansa sun zo daga Ikorodu da awo,
suna maganar shagon waya.
Abokaina na dā ma sun ji labari,
suna kira: “Kai ne a ciki, sama mana farashi.”

Ba zan ɓoye ba, na yi lissafin.
Ido bai manta sana'arsa ba:
kilo ɗari huɗu, in an haɗa da inji,
kuɗin hayar shekara biyu da 'yan kai.
Na yi shi a daren da ruwa ya shigo ɗakina.

Amma harafin nan yana aljihuna.
Jiya na fito da tsohon sikelin,
na hure ƙura, na ɗora shi a tsakiya.
Na jira.
Allurar ba ta motsa ba.